Karsanar Auta

Yaya Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Kada ka tsaya juya takardar kana neman wanda ya aiko. Ni ce jikar ƙanwar kakarka, wadda ka laƙaba wa Cinnaka tun ranar da na gantsara maka cizo a hannu kan guntun rake. Rabonmu da juna tun zaman makokin kaka, shekara goma sha huɗu ke nan. Muna nan lafiya, sai ciwon bayan da keken ɗinki ya bar mini. Maigidan ya rasu shekara biyar da suka wuce, ban sani ba ko labarin ya iso ka.

Direban motar madara, wanda ke sauke kaya a kantin da ke jikin shagona, shi ya ba ni labarinka ba tare da ya sani ba. Ya ce a gonar kwalejin noma akwai wani dogon lebura mai tari, shanu na binsa sai ka ce gishiri ya ɓoye a aljihu. Na ce masa ai wannan namu ne.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba, ga abin da ya sa na nemo ka. Autata tana shekarar ƙarshe a kwalejin nan, kuma an kwashe ajinsu zuwa gona zangon nan gaba ɗaya. An ba kowane ɗalibi karsana guda ya raina, ya hore ta, nan da mako goma ya ja ta da kansa a gaban alƙalai ranar gasar nuna dabbobi. Rabin makin jarrabawa a kan wannan yake. Bara ta faɗi ta maimaita aji, kuma an gaya mata ba a maimaitawa sau biyu. In ta sake faɗuwa, gida za ta dawo hannu rabbana bayan shekara huɗu.

Yarinyar tana da asma, sanyin safiya na kama mata ƙirji. Waya ba ta shiga a kwarin nan naku, ita kuma in ta rubuto layi biyu ne, tana lafiya, a gaida kowa. Don Allah ka sa mini ido a kanta. Ka ba direban amsa, duk Talata yana biyowa ta nan.

Ƙanwarka,
Cinnaka

*

Cinnaka,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, kuma tabon cizon yana nan in kina neman shaida. Allah ya jiƙan maigidan, wallahi ban ji ba. Ni lafiya lau, tarin nan na ƙurar ciyawa ne, ya zama abokin zama. Iyali suna can gida, rabona da su wata huɗu.

Kada direba ya sa ki ɗauka wani babba ne ni a nan. Ɗan wucin gadi ne. Ana kiranmu lokacin shuka, a sallame mu in an ɗaure ciyawar ƙarshe, kuma bana karo na goma sha ɗaya ke nan. Mu takwas ne a ɗaki ɗaya bayan rumbun dusa, kowa da gadonsa da ƙusar rataya kayansa. Ba a fita ƙofar gona sai da takardar manaja, wanda kuma ya tafi kafin a rufe aiki ba a kiransa baɗi. Kowace shekara manaja kan dafa kafaɗata ya ce, "Dogo, da zarar gurbin makiyayi ya samu, naka ne na dindindin." Kafaɗar har ta saba.

Na ga Auta. Hancinki ne sak, amma bakin ba naki ba ne, don ita tana barin mutum ya ƙarasa magana. Da na gaya mata ko ni wane ne, durƙusawa ta yi a tsakiyar kashin shanu ta ce, "Ina wuni, Kawu."

Ƙuri'a aka yi wajen rabon dabbobin, ita ta ɗauko mai lamba bakwai. Jar karsana ce mai farin goshi, kyakkyawa, amma hali babu. Na sa mata suna Gwaggo, don komai aka kawo mata sai ta shinshina ta kau da kai kamar an raina mata wayo. Jiya na tarar ta ja Auta a ƙasa tun daga turke har kwamin ruwa. Yarinyar ta ƙi sakin igiya, amma da ta tashi numfashinta da ƙyar yake fita. Abin ya taɓa ni.

Dokar nan ta ce lebura ruwa kawai zai zuba wa dabbobin ɗalibai. Ba ciyarwa, ba gogewa, ba taɓa ragama, kuma ɗalibin da aka kama wani na yi masa aiki a cire shi daga gasa. Sai dai ni nake buɗe garke da sassafe kafin kowa ya fito. Na ce wa Auta ta yi zamanta a ɗaki har rana ta ɗaga, ta duba littattafanta. Ni zan riƙa ba Gwaggo dusa, in goge ta, in zaga da ita sau biyu. Ta ce, "Kawu, ba za a gane ba?" Na ce wa zai gaya musu, saniyar?

Ki kwantar da hankalinki.

Yayanki,
Dogo

*

Yaya Dogo,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, bayan ma ya yi sauƙi tun da takardarka ta zo. Allah ya saka maka da alheri, ya sa manajan nan ya daina dafa kafaɗa ya dafa takarda.

Direba ya ce ya ga karsanar Auta da idonsa, ta fi kowace sheƙi a garken, har ta fara tafiya a natse. Ban bar wannan labari ya kwana a cikina ba. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta ji shi kafin in auna ta. Matar mai kantin da ta ce mini bara noma ba karatun mace ba ne, ita na gaya wa sau biyu.

Na yanko farin yadi zan ɗinka wa Auta rigar da ake sawa ranar gasar, ta zana mini fasalinta a takarda ta aiko. Ma'auninta a kaina yake, ba sai na tambaya ba. Ƙannen mahaifinta biyu sun ce za su biyo ni, maƙwabciyata ma ta ce ba za a bar ta ba. Ina ganin za mu cika mota.

Ka ci gaba yadda kake yi, kada ka bari ta fita cikin sanyin nan. Gara ta yi barcinta.

Ƙanwarka,
Cinnaka

*

Cinnaka,

Ina gaisuwa. Jiki lafiya, Auta ma lafiya, amma zancen da zan yi miki ba mai daɗi ba ne. Ki zauna kafin ki karanta.

Shekaranjiya malamin kiwo ya yi wa ɗalibai gwaji a filin gasa, kowa ya ja dabbarsa zagaye ɗaya. Da aka zo kan Auta, Gwaggo ta kafe ƙafa huɗu a ƙasa. Yarinyar ta lallaɓa, ta ja, ta koma baya ta tura, ko gezau. Ni ina can gefe da baro ina kwashe taki, sai tarin nan ya taso mini. Cinnaka, tari ɗaya na yi. Gwaggo ta ɗaga kunne, ta fizge igiya, ta ratsa ta tsakiyar ɗalibai, ta zo ta ɗora kanta a ƙirjina tana lumshe ido.

Ɗalibai suka fashe da dariya. Malamin bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Dogo, ruwan da kake zuba mata da zuma kake haɗawa?" Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya juya wajen Auta ya ce, "Ranar gasa ke da ita ne kaɗai a cikin fili." Nan take na sha jinin jikina.

Laifina ne, ba na yarinyar ba. Shekara goma sha ɗaya ina cikin shanu, na san karsana wanda ya fara zuwa mata da safe shi take ɗauka nata. Na sani sarai, amma tausayi ya rufe mini ido. Mako huɗu ina hore ta, ashe wa kaina nake horewa. Yanzu ta iya tsayuwa, ta iya tafiya, ta iya ɗaga kai yadda alƙalai ke so, sai dai a hannuna kawai.

Hanya ɗaya na gani, in ɓace mata da gani. Na roƙi shugaban leburori ya mai da ni yankan ciyawa a ƙetaren rafi, ya yarda, don ba mai son wajen. Auta za ta koma fitowa da sassafe, da sanyin da komai. Na san ba haka kika so ba. Saura mako shida, ban sani ba ko za su isa.

Maganar cika mota kuma, ki dakata tukuna. Kada ki tara mata mutane.

Yayanki,
Dogo

*

Yaya,

Ina fata lafiya ce ta sa ka yi shiru. Mu dai muna nan.

Mako uku ban ga layi ɗaya daga gare ka ba. Jiya wata ɗaliba da ta zo ganin likita ta kawo mini takardar Auta, kuma wannan karon ma layi biyu ne, amma ba irin na da ba: "Kawu ya daina zuwa garke. Mama, ina ganin ba zan iya ba."

To, na gane. Ka gaji. Da ka faɗa mini tun farko cewa zumuncin kakanni ya yi nisa da yawa, da ban ɗora maka nauyi ba. Amma ka ɗauki yarinya ka kai ta tsakiyar ruwa sannan ka sake ta? Marainiya ce fa, Yaya. In tsoron manajanka kake ji, shekara goma sha ɗaya kana jin tsoronsa, me ya ba ka ban da dafa kafaɗa?

Ga farar riga na gama, tana rataye a shago, kowa ya shigo sai ya yaba. Yanzu ko kallonta ba na son yi. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban iya ɓoyewa ba, ka san halina.

Cinnaka

*

Cinnaka,

Ina gaisuwa, kuma na ji cizon, haƙoran suna nan yadda na san su. Lafiyata ƙalau. Motar madara ce ta lalace, takardata ta yi mako biyu da rabi a aljihun direba. Tare da wannan za ta iso ki, don haka ba zan maimaita ba.

Ga inda muke. Daga ƙetaren rafi ina jin kukan Gwaggo. Da safe take farawa, daidai lokacin da na saba buɗe garke, kuma na san muryarta a cikin shanu ɗari. Ina yankan ciyawa ina ji, ba damar in je. Ko hanyar ɗakinmu na canza, ta bayan rumbu nake zagayawa don kada ta hango ni. In tari ya taso mini kusa da garke, hula nake cusawa a baki. Kwana huɗu ta ƙi dusa, ƙashin kwankwasonta har ya fara nunawa.

Ranar Litinin manaja ya kira ni ofis. Ya ce tsohon makiyayi zai ajiye aiki ƙarshen wata. Ya dafa kafaɗar ya ce, "Mai lamba bakwai tana ramewa, kuma dukiyar kwaleji ce. An ce kai take ji. Ka koma garke ka tashe ta, in ga hannunka, sai mu yi maganar gurbin nan." Cinnaka, abin da na yi shekara goma sha ɗaya ina jira ke nan. In na koma, kwana biyu za ta murmure, ranar gasa kuma ta sake kafewa a hannun Auta. In na gaya masa dalilin da ya sa ba zan koma ba, sunan Auta zai fita daga gasa kafin in rufe baki. In na tattara kayana na tafi gida, baɗi ba ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni a ciyawa." Ya tambaye ni dalili sau biyu, na yi ta maimaita masa a bar ni a ciyawa kamar wawa. Ya ɗauke hannunsa.

Ba wannan ne ya fi damuna ba. Jiya Auta ta tsallako rafi ta same ni. Ta rame, hannunta duk kantar igiya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kawu, da ka bar ta ta ci gaba da ja na a ƙasa, da yanzu mun saba." Gaskiya ta faɗa.

Wata dabara ta zo mini, amma ga direba yana ta danna odar mota. Abu ɗaya: farar rigar nan, ki farke ta ki ƙara mata faɗi sosai, kamar tafin hannu biyu ta kowane gefe. Yadda kika ɗinka ba za ta shige ta ba. Zan yi miki bayani.

Yayanki,
Dogo

*

Yaya Dogo,

Gaisuwa da ban haƙuri. Takardunka biyu sun iso rana ɗaya, na karanta su a tsaye, na zauna a kan kujerar keke na kasa tashi. Ka yafe mini. Bakina ya riga hankalina, kamar kullum. Ni na ce ka bar ta ta yi barci, har da ni a laifin. Na sallami masu rakiya, na ce musu an hana baƙi.

Amma Yaya, layin ƙarshen nan ya hana ni sukuni. Ni tela ce, shekara ashirin ina auna mata. Ka ce yarinya ta rame, hannu duk kanta, sannan ka ce a ƙara wa rigarta tafi biyu ta kowane gefe. Na san irin ramar da ke zuwa da ƙarin faɗin riga. In wani abu ya faru da 'yata a gonar nan kana ɓoye mini, ka ji tsoron Allah ka faɗa.

Na farke rigar na ƙara. Ba zan ba direba ba, da kaina zan kawo. Zan zo in ga 'yata da idona.

Ƙanwarka,
Cinnaka

*

Cinnaka,

Lafiya lau muke, kuma ki yi istigfari. Auta tana nan yadda kika haife ta, siririya kamar sandar rake. Na yi dariya har tari ya kusa kayar da ni, karo na farko cikin wata guda.

Ga bayanin. Ina da wani tsohon kwat mai ruwan ƙasa, shi nake sawa kullum in zan shiga garke. Tun da aka fara aikin bana bai ga ruwa ba. Gumina, dusa, taki, duk suna ciki, abokan ɗakina ma a waje suke sa ni rataye shi. Shi na ba Auta. Ranar farko da ta shiga da shi, Gwaggo ta shinshina hannun rigar ta daɗe, sannan ta ci dusa a tafin yarinyar. Yanzu kullum da shi take zuwa, abin shaƙarta na asma a aljihu. Ita ke gogewa, ita ke wanke kofato, tana yi tana mata hira kamar ƙawarta. Shekaranjiya taku goma suka yi, jiya an ce sun zaga garke.

Ranar gasa dole ta sa farar riga, shi ya sa za ta sa kwat ɗin a ciki, farar ta rufe shi. Dalilin faɗin ke nan, Malama Tela.

In kin zo, ki yi duk abin da kika ga dama, amma kwat ɗin nan ko ɗigon ruwa kada ya taɓa shi. Duk dabarar a cikin warin take.

Yayanki,
Dogo

*

Cinnaka,

Ina fata kin isa gida lafiya. Barka, barka. Ta shida cikin ashirin da biyu, kuma malamin kiwo da kansa ya ce ta haye.

Na hango ki a benci na biyu da jan mayafi, kina zaune a bakin kujera kamar za ki tashi ki ja saniyar da kanki. Ni ina bayan damman ciyawa da aka jera a bakin fili, a tsugune, hula a baki. An hana leburori tsayawa kusa, amma ban iya zama a ƙetaren rafi ba. Da aka kira lamba bakwai na leƙo ta gefen ciyawar. Kin ga inda Gwaggo ta tsaya a ƙofar shiga? Na ce shi ke nan. Sai Auta ta kai hannu kusa da hancinta ta yi mata magana, ta ɗaga kai ta bi ta.

Sun wuce ta gabana, tsakaninmu bai fi kamu uku ba. Gwaggo ba ta waiwayo ba. Na so hakan, amma sai da na bi ta da ido har ƙarshen fili. Na lallashi kaina da cewa ai ina tare da ita, a ƙarƙashin farar rigar nake. Tsohon kwat ya yi aikinsa.

Na so in zo mu gaisa, sai hadari ya haɗu, shugaban leburori ya kwashe mu loda ciyawa. Kafin mu gama kun tafi.

Gurbin makiyayi an ba wani daga ɗakinmu, shekararsa uku a nan. Yaron kirki ne, na yi masa murna da bakina, zuciyar kuma tana koyo. Ba komai. Ko ban samu takarda ba, na san akwai dabba ɗaya a gonar nan da ta bi warina har gaban alƙalai. Wannan ya ishe ni.

Yayanki,
Dogo

*

Yaya Dogo,

Mun iso lafiya. Auta na gaishe ka, tana ta barci kamar wadda aka biya. Takardarka ta bayanin kwat a shago na tarar da ita bayan na dawo, don na riga ta tafiya. Ta barka kuma jiya ta zo. Kwana na yi ina shawara ko in bar ka da abin da ka rubuta a ƙarshenta. Auta ta ce, "Mama, Kawu bai taɓa yi mini ƙarya ba." Shi ya sa na ɗauki biro.

Ana gobe gasa na isa, da hantsi. Auta na ɗakin jarrabawa, wata ɗaliba ta nuna mini ɗakinsu. Ina shiga wari ya tare ni. Na duba, sai ga wani ƙazamin kwat na maza rataye a jikin gadon 'yata. Ka san abin da ke raina a lokacin, ka kuma san ni da datti. Ban tambayi kowa ba. Na jiƙa shi a bokiti da garin sabulu, na cuɗe shi, na zubar da ruwan baƙi ƙirin, na sake. Sau uku. Na shanya a rana, na goge, har aljihun da ya yage na ɗinke.

Da Auta ta dawo ta gan shi a ninke, zama ta yi a ƙasa. Ta ce, "Mama, kin kashe ni." Sannan ta gaya mini komai. Ta so ta tsallaka rafi ta karɓo wata rigarka, amma an riga an rufe ƙofa, ba ɗalibin da zai fita sai bayan gasa. Ban taɓa jin na tsani hannuwana irin ranar ba.

Da safe ta sa shi haka nan, yana ƙamshin sabulu, ta ɗora farar a kai. Na bi ta garke. Gwaggo ta shinshina hannun kwat ɗin, ta yi atishawa, ta ja da baya. Sai Auta ta naɗe hannun rigar, ta miƙa mata hannunta tsirara, mai kantar nan, ta ce, "Ni ce dai, Gwaggo." Saniyar ta lashe ta. Abin da ka gani a ƙofar fili ma hannunta ne, ba kwat ba.

Yaya, ba kai ta bi ba. Na san abin da na ɗauke maka da wannan magana, kuma ina kuka nake rubuta ta. Na hango ka a bayan ciyawa. Ba hadari ne ya raba mu ba, kunya ce ta sa na ja Auta muka shiga motar farko.

Kwat ɗin yana wajena. Ka zo ka karɓa da kanka, ka huta kwana biyu, mu ga juna.

Ƙanwarka,
Cinnaka

*

Cinnaka,

Ina gaisuwa. Lafiya lau, gobe za a sallame mu.

Na karanta takardarki sau uku, daidai da wankin. Da yamma na je garke, na tsaya a bakin shinge, na yi tari da gangan. Gwaggo ta ɗago ta dube ni, ta mai da kanta cikin dusa.

Ki gaya wa Auta makin nata ne, ba na kowa ba, kuma ina alfahari da ita. Ke kuma ki daina kuka. Na ji ciwo, ba zan ɓoye miki ba, amma abin da muka nema ke nan tun farko.

Ba zan samu biyowa ba, takardar fitar ta gida ce kai tsaye, iyali na jira. An kafe sunayen waɗanda za a kira baɗi, nawa na nan a layin 'yan wucin gadi, karo na goma sha biyu. Ki ba direba kwat ɗin ya ajiye mini a wajen mai gadi in same shi baɗi, safiyar gonar nan tana da sanyi. An ce sabbin karsana ashirin da biyar za a kawo wa ɗalibai. Ruwa kawai zan zuba musu.

Yayanki,
Dogo